Jarumi Mai Suna Biyu: Labaran Sadaukan Zamani da Zaman Tare a Ajinmu

Jawabin da kwamitin adabi da karatu na reshe ya gabatar a zaman malaman harsuna

 

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan wani nau'in adabi wanda ba ya cikin manhaja, ba ya fitowa a jarrabawa, amma ya riga mu shiga aji. Muna nufin labaran jarumai masu baiwa ta ban mamaki, irin su Superman da Spider-Man da Black Panther, waɗanda hotunansu ke jikin jakunkunan yara da bangon littattafan rubutunsu, finafinansu kuma ke yawo daga waya zuwa waya. Gidan waɗannan labarai Amurka ne, kuma a can za mu bar su yayin da muke duba su. A shekarun nan masu rubuta su domin matasa sun shigo da jarumai daga al'ummun da a da ba a ganin su sai a gefen hoto: baƙar fata, Musulmi, 'ya'yan baƙi, mata, da masu naƙasa. Tare da su aka shigo da maganar wariya da talauci da zaluncin makaranta. Abin da muke so mu tsayar a yau guda ne: sauya launin jarumi ba shi ne ke ba labari daraja ba, sai in labarin ya ɗauki rayuwar mutanen jarumin da gaske, kuma malami ne ya fi kowa damar koya wa yaro rarrabe waɗannan biyu.

Asalin abin

Superman ya fara fitowa a 1938. Samari biyu ne suka ƙago shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka haɗu suna 'yan makaranta a birnin Cleveland, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai. Mu lura da labarin da suka tsara: jariri ne aka turo daga wata duniya da ta halaka, ya tashi a hannun mutanen da ba su haife shi ba, yana da sunan da aka san shi da shi a gari, yana da wani asalin da yake ɓoyewa. Ke nan tun ranar farko labarin baƙo ne mai suna biyu.

A 1962 aka fito da Spider-Man, ɗan sakandare maraya, wanda ke zaune da gwaggonsa suna fama da kuɗin haya. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da X-Men, matasan da aka haifa da wata baiwa da ta sa jama'a ke tsoronsu suna ƙyamarsu. Abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne, mafakar waɗannan matasa makaranta ce, jagoransu kuma malami ne da ke kan keken guragu. A 1966 Black Panther ya bayyana, sarkin wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka mai suna Wakanda. Sai dai duk waɗannan fararen fata ne suka rubuta su, kuma sau da yawa a kaikaice suke taɓa maganar wariya. Sai a 1993 wasu marubuta da masu zane baƙar fata, cikinsu har da Dwayne McDuffie, suka kafa kamfanin Milestone domin su ba da labarin unguwanninsu da bakinsu.

Manya ba su karɓi wannan adabi hannu biyu ba. A 1948 an tara littattafan zane an cinna musu wuta a wasu garuruwan Amurka, har da harabar makarantu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana ɗora musu alhakin lalacewar yara, majalisar dattawa ta zauna a kan batun, kamfanonin kuma suka kafa hukumar tace kansu. Wannan tarihi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano. A can da nan sakamakon ɗaya ne: takarda ta ƙone, sha'awar karatun ba ta ƙone ba, sai dai ta koma ƙarƙashin tebur inda babu babban da zai tattauna da yaro a kanta.

Misali na farko: yarinyar da ta so ta zama wata

A 2014 kamfanin Marvel ya fara fitar da labarin Kamala Khan, wadda ake kira Ms. Marvel. Yarinya ce Musulma 'yar shekara 16, iyayenta 'yan Pakistan ne mazauna Jersey City. Mata biyu Musulmi ne kan gaba wajen samar da ita: edita Sana Amanat, wadda ita ma 'yar 'yan Pakistan ce da ta tashi a jihar, da marubuciya G. Willow Wilson. Kundin farko na labarin ya ci kyautar Hugo a 2015.

Baiwar Kamala ita ce sauya siffa. Daren da ta same ta, abin da jikinta ya fara rikiɗa zuwa gare shi shi ne surar jarumar da take so tun tana ƙarama, Baturiya doguwa mai farin gashi. Ta samu abin da ta daɗe tana buri, sai ta tarar ba ta sake a cikinsa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Daga baya ta koma siffarta, ta haɗa kayan jarumtarta daga rigar ninƙaya mai rufe jiki da ke cikin kayanta na gida. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗaliba tana shafa man bilicin, ko ɗalibi yana jin kunyar a kira shi da sunan ƙauyensu, ya san ciwon da ake magana a kai.

Abin da ya ɗaga labarin shi ne bai mai da gidansu kurkuku ba, bai kuma mai da shi aljanna ba. Iyayenta suna da tsanani, suna da ƙauna. Yayanta mai riƙo da addini ne, ƙawarta tana sa hijabi bisa zaɓin kanta. Da mahaifinta ya tura ta wurin limamin masallacinsu, ta tafi tana jiran faɗa, sai limamin ya saurare ta, ya gane taimakon mutane take yi, ya ba ta shawarar ta yi shi da mutunci, ta kuma nemi wanda zai koya mata. Mugun da ta fara karawa da shi kuwa, dabararsa ita ce shawo kan matasa su yarda cewa su zamaninsu ba shi da amfani, nauyi ne kawai a kan duniya, don haka gara su miƙa jikinsu a riƙa tatsar wutar lantarki daga gare su. Da ƙafarsu suka je. Aikin Kamala bai tsaya ga fasa injuna ba, sai da ta zauna ta nuna musu cewa kowannensu yana da abin da zai iya yi da kansa da hannunsa. Mu da muke jin yadda ake kiran matasanmu zauna-gari-banza, har wasunsu sun fara amsawa, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai.

Misali na biyu: lokacin da mugun malami ne

Miles Morales ya fara fitowa a 2011, daga alƙalamin Brian Michael Bendis da zanen Sara Pichelli. Mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico, suna zaune a Brooklyn. Tun a farkon labarinsa an nuna shi a zauren da ake jefa ƙuri'a domin raba guraben shiga wata makaranta mai kyau. Lambarsa ta fito, iyayensa suna murna, shi kuwa yana kallon yaran da tasu ba ta fito ba.

A 2017 marubuci Jason Reynolds ya rubuta ƙagaggen labari na zube a kan Miles, kuma shi ne littafin da muka fi so 'yan'uwa malamai su sani, domin da mu yake magana. A ciki Miles ɗalibin kwana ne da ke karatu da tallafi, kuskure kaɗan zai iya raba shi da gurbinsa. Mahaifinsa da baffansa sun taɓa harkar laifi a ƙuruciyarsu, shi kuma yana fargabar ko abin a jini yake. Malaminsa na tarihi mutum ne mai yi wa zamanin bauta kwalliya a gaban yara baƙar fata, wanda da teburin Miles ya karye sai ya sa shi ya riƙa aiki a ƙasa. A hankali Miles ya gano cewa maza da yawa na unguwarsu da suka ƙare a gidan yari, labarinsu ya faro ne daga ranar da wani malami irin wannan ya sa aka kore su daga makaranta. A gefe guda akwai malamar adabi da ke koya musu tsara gajerun waƙoƙi irin na Koriya, kuma ta nan yaron ya samu bakin faɗin abin da ke cinsa.

Miles ya yi faɗa irin na jarumai, ya yi nasara. Amma da ya koma aji malamin yana nan, ƙasan ma tana nan. Abin da ya sauya shi ne ya ƙi durƙusawa, 'yan ajinsu kuma suka mara masa baya. Matsalar wariyar launin fata a makarantun Amurka tasu ce, tana da nata tarihin, ba za mu ce ita ce tamu ba. Amma tambayar da littafin ya ajiye ta ƙetare teku: yaron da muka kora daga aji saboda makara, ko rashin kuɗin wani abu, ko don mun riga mun yanke cewa 'yan gidansu ba sa jin magana, ina yake zuwa bayan ya fita ƙofa?

Misali na uku: rigar ƙiyayya

A 1946 shirin rediyo na Superman ya yi jerin wasanni inda jarumin ya kara da wata ƙungiya da aka kwaikwayo daga Ku Klux Klan, masu rufe fuska suna tsoratar da duk wanda ba farar fata Kirista irinsu ba. Gene Luen Yang, Ba'amurke ɗan asalin Sin wanda ya daɗe yana koyarwa a sakandare, ya sake gina labarin domin matasa, aka fitar da shi tsakanin 2019 da 2020 da sunan Superman Smashes the Klan.

Wani likita ɗan asalin Sin ne ya tashi da iyalinsa daga unguwar 'yan'uwansa ya koma unguwar fararen fata. Ɗansa ya karɓe gurbin wani yaro a ƙungiyar ƙwallo, yaron ya kai kuka wurin kawunsa, kawun kuwa jigo ne a ƙungiyar masu rufe fuska. Daga ɓacin ran yara a filin wasa aka kai ga cinna wuta a ƙofar gida da dare. Abubuwa biyu muka ga sun cancanci a tsaya a kansu. Na ɗaya, ƙanwar yaron ce ta lura cewa Superman kansa yana rage ƙarfinsa, yana gudu a kan wayoyin tarho maimakon ya tashi sama, don kada mutane su gane baƙo ne su guje shi. Yarinyar da ake tsangwama ita ta ba jarumi ƙarfin halin bayyana asalinsa. Na biyu, an nuna babban shugaban ƙungiyar bai damu da aƙidar ba ko kaɗan, kuɗin rajista da cinikin riguna yake ci, mabiya kuwa su ne ke ƙona gidaje da zuciya ɗaya. Ɗalibin da ya fahimci wannan tun yana aji uku, da wuya a ɗauke shi haya ranar da wani ya zo yana raba kuɗi da makami da sunan ƙabila ko addini.

Namu na gida

Jarumi mai baiwa ba sabon abu ba ne ga mai karatun Hausa. Gandoki na Bello Kagara ya fito tun 1934, Ahmadu Ingawa kuma ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya tashi ba ya iya tafiya kafin ya zama sadauki. Kafin su akwai Auta a tatsuniya, ƙaramin da aka raina wanda shi ke kashe dodo. A wannan zamani, kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 yana fitar da jarumai 'yan Nijeriya ta intanet. Roye Okupe ya rubuta Malika, sarauniya mayaƙiya ta ƙarni na 15 a wata ƙagaggiyar daula mai suna Azzaz, wadda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ke cikin abin da ya zaburar da shi. A 2017 Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel gajeren labarin Ngozi, yarinya 'yar Legas da ke kan keken guragu, ta kuma bayyana cewa 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 suna ranta lokacin da take rubutun. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin tambaya gare mu shi ne, wa zai rubuta jarumin da ke magana da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko Tangale, in ba yaran da ke zaune gabanmu ba?

Inda ya kamata a yi hattara

Ba tallar kowa muka zo yi ba. Da farko, wannan kasuwa ce. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, fim ɗin Black Panther na 2018 kuma ya tara sama da dala biliyan 1. Wanda ya ga irin wannan riba zai iya ɗaukar tsohon labari ya shafa wa jarumin baƙin fenti ko ya ɗaura mata ɗankwali, ba uwa, ba harshe, ba unguwa. Wakanda ma kanta haɗe-haɗe ce, an tsinto tufafi daga nan, harshe daga Afirka ta Kudu. Ba laifi yaro ya so ta, amma abin kunya ne gare mu ya san sarakunanta bai san Kanem-Borno ba.

Na biyu, cikin waɗannan littattafai da finafinai akwai masu ɗauke da shiga da mu'amala da ra'ayoyin da ba su dace da addini da tarbiyyar gidajen da suka ba mu amanar 'ya'yansu ba. Ko aikin da Musulmi ya yi da kyakkyawar niyya bai tsira daga saɓani ba: jerin The 99 da Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fara a 2006, mai jarumai daga ƙasashe daban-daban, ya sha yabo a wasu wurare, amma a 2014 malamai a Saudiyya suka yi fatawa a kansa. Don haka ƙa'ida ita ce, kada malami ya kai aji abin da bai karanta ko bai kalla ba daga farko har ƙarshe.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, irin wannan labari ya saba warware matsala da naushi. Mutum ɗaya ya rufe fuska, ya yanke hukunci, ya zartar. A ƙasar da muke ganin taron jama'a na kashe wanda ake zargi kafin hukuma ta iso, inda 'yan daba ke ganin kansu masu tsaron unguwa, wannan darasi ne mai haɗari in aka bar yaro da shi shi kaɗai. Misalan ukun da muka kawo mun zaɓe su ne domin a kowannensu naushin bai isa ba: sai da aka yi magana, aka saurara, jama'a suka tsaya tare.

Abin da za mu iya yi

Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta yi bayani a 1990 cewa littafi kan zame wa yaro madubi ya ga kansa, ko taga ya hango rayuwar wasu, kuma kowane yaro yana bukatar duka biyun. A ajinmu akwai ɗan Fulani da ake yi wa dariyar Hausarsa, akwai 'yar Ibo da aka haifa a Sabon Gari ba ta san wani gida ba, akwai zabiya, akwai mai sanda, akwai yaron da rikici ya koro iyayensa daga garinsu. Da yawansu suna da suna biyu kamar jaruman nan: wanda suke a gida, da wanda suke nunawa a makaranta domin a bar su lafiya.

Mun san babu kuɗin sayen waɗannan littattafai, kuma shawarwarinmu ba sa bukatar su. Na ɗaya, idan muka kama yaro da irin wannan labari, kafin mu ƙwace, mu sa ya ba aji labarin da Hausa ko da Ingilishi. Darasin magana ya samu ke nan. Na biyu, mu saba musu da tambayoyi huɗu a kan kowane labari: wane ne jarumi kuma su wane ne mutanensa, da wa mugun ya yi kama, wa ya rubuta, kuma da me aka kashe wutar a ƙarshe? Mu ƙara musu da muhawara a kan bambancin jarumi mai rufe fuska da ɗan ta'adda mai rufe fuska, mu bar su su yi gumi a kanta. Na uku, a darasin insha'i mu sa kowa ya ƙago jarumi daga unguwarsu, ya ba shi suna da uwa da harshe da sana'a, da matsala ta gaske kamar rashin ruwa ko shaye-shaye ko cire yarinya daga makaranta, bisa sharaɗin cewa duka ba zai warware ta ba. Bayan nan kowa ya sake rubuta wani jarumin daga al'ummar da ba tasa ba, amma sai ya zauna da wani ɗan al'ummar ya yi tambaya. A nan a kula, kada a tsayar da yaro ɗaya gaban allo a mai da shi kakakin ƙabilarsu. Wanda ya so ya yi magana, wanda bai so ba a ƙyale shi.

Idan takardun suka dawo, mu duba jaruman, amma mu fi duba miyagun. Sunan da yaro ya ba mugu, da kamannin da ya zana masa, da harshen da ya sa a bakinsa, za su gaya mana abin da ake faɗa a gida da majalisa wanda ba a faɗa a gabanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan dama ce ta yin gyara cikin raha, ba tare da an kunyata kowa ba.

Kwamiti yana roƙon duk wanda ya gwada wannan a zangon karatu mai zuwa ya kawo mana uku daga cikin rubuce-rubucen ɗalibansa, tare da izininsu, domin mu zaɓi waɗanda za a buga a wannan mujalla tamu.  Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.